Ni Dai Labarin Faransa Nake Bayarwa

Duk wanda ya san Agoe-Zongo ya san bayan sallar isha'i ba a gida ake neman maza ba. Bakin babbar hanya ake zuwa, wadda ta tashi daga Lome ta miƙe arewa har Cinkase, inda manyan motocin Nijar da Burkina da Mali ke jere suna jiran asuba, masu shayi kuma sun kunna fitila sun ɗora tukunya. A ɗaya daga cikin teburan nan nake zama. Benci biyu ne da kujerar roba guda, kuma kujerar ta Alhaji ce, ya zo ko bai zo ba.

A daren da nake magana ya zo, ransa a ɓace. Kwana uku kafin nan, ɗaya daga cikin yaran da ke ja masa babur ya faɗi a kan kwalta kusa da gadar Togblekope, da rana tsaka, ba wanda ya buge shi. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce yana cikin tafiya jikinsa ya sandare, ya zube yana karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa. Allah ya taƙaita, bai ɗauko kowa ba. An kai shi asibiti da karaya a cinya. Da aka laluba aljihunsa sai ga katin tramol, saura ƙwaya biyu.

"Yaran zamani ke nan," in ji Alhaji. "Ka ɗauki dukiyarka ka damƙa wa yaro don ya rufa wa kansa asiri, ya je ya sha ƙwaya ya ragargaza maka ita. Ni na gama da shi. In ya warke ya nemi wani ubangida. Kuɗin gyaran babur kuma yana wuyansa."

Muka gyaɗa kai. Na'ibin masallacinmu ya ce Allah ya shirya mana zuri'a. Mai shayi ya ci gaba da fifita gawayi, bai ɗago ba. Ba wanda ya ambaci abin da duk muka sani: babura wajen ashirin Alhaji ke da su a hannun 'yan zemijan, wato 'yan acaba, kuma bara ya ɗaga kuɗin da yaro zai kawo kullum daga jaka biyu zuwa jaka uku. Kwana bakwai a sati, har Juma'a, har ranar Sallah. Kafin yaro ya haɗa wannan, ya zuba mai, ya bar wa uwarsa na cefane, sai ya fita da asuba ya dawo sha biyun dare.

A ƙarshen benci Baba mai keke yake zaune. A tsohon Zongo aka haife shi, wanda ke tsakiyar gari, inda yanzu dogayen benayen banki suke tsaye. Da aka rushe unguwar a 1977 aka turo mutane nan arewacin birni, a kan kekensa ya ɗauro kayan aikinsa ya yi tafiyar kilomita wajen goma sha biyar. Ya taɓa bin 'yan tseren keke na Zagayen Togo yana yi musu gyara, tun daga nan abin ya shiga jininsa. Bangon rumfarsa manne yake da hotunan da ya yanko daga tsofaffin jaridun Faransa, rediyo kuma ba ta barin kunnensa, musamman a watan Yuli. Ranar da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango a tseren Faransa a 2024, Baba ne ya biya wa kowa shayi.

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, maganarka ta tuna mini da wani Bature. In an yarda in ba da labarinsa, ko hira ta yi armashi."

"Bismillah, Baba."

"Akwai tseren da ake yi kowace shekara, Tour de France, mu ce Zagayen Faransa. Sati uku ana murza feda, tafiyar wajen kilomita 3,500. Ku ƙiyasta daga nan zuwa Cinkase sau biyar, har da ɗoriya. Sun raba tafiyar zango-zango, kowace rana da nata. To a 1967, ranar 13 ga Yuli, zango na goma sha uku ya bi ta kan wani dutse, Ventoux. Dutsen Agu namu na wajen Kpalime mita 986 ne. Wannan ya kusa ninka shi, kuma samansa babu itace ko ɗaya, fari fat kamar an baza toka. Rana ta take. A cikin mahaya akwai Tom Simpson, ɗan Ingila, shekararsa 29, ya taɓa zama zakaran duniya a 1965. Ya kwana biyu cikinsa ba lafiya, amma ya hau. Saura kamar kilomita guda ya kai ƙololuwa, kekensa ya fara tangaɗi, ya faɗi. Mutanensa suka ɗaga shi, suka mayar da shi kan sirdi, suka tura. Ya ɗan ƙara gaba ya sake faɗuwa, hannunsa na riƙe da kan keke. Daga nan bai ƙara tashi ba. Da aka duba aljihun rigarsa sai ga ƙwayoyin amfetamin."

"A aljihu kuma?" in ji na'ibi.

"A aljihu, Allah gafarta Malam. Can ma a aljihu ake samu." Baba ya kurɓi shayi. "Ka san gajiya ba cuta ba ce. Ɗan aike ne Allah ya sa a jikin ɗan Adam, ya riƙa zuwa yana ce masa tsaya haka nan. Irin wannan ƙwaya ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko na dala ɗaya. Ɗan aiken take kamawa ta toshe masa baki, sai mutum ya yi ta cin bashin jikinsa bai sani ba, har ranar da mai bashi zai zo karɓa gaba ɗaya. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shekara da shekaru, hannayen nan ne da suka mayar da shi kan keke. Ba maƙiyansa ba ne, masu sonsa ne. Shi ma ya so a mayar da shi, don wanda ƙwaya ke ja ba ya cewa ya isa. To masu hankalin da ke tsaye a ƙasa fa?"

Alhaji ya gyara zama. "Ai ka ji, Baba. Ko a Turai ɗan ƙwaya ɗan ƙwaya ne. Shi ya kashe kansa."

"Haka Turawan ma suka ce, Alhaji. Shekara talatin suna faɗin haka. Duk wanda aka kama sai a ce ɓatacce ne, shi kaɗai ya ɓata wake, a kore shi a ɗauko wani. Masu ƙungiya su fito su yi rantsuwa ba su san komai ba. Ana nan ana nan, sai 1998. Ranar 8 ga Yuli, saura kwana uku a fara tsere, 'yan duwan, wato kwastan, suka tare wata mota a iyakar Beljiyam da Faransa, kusa da birnin Lille. Motar ƙungiyar Festina ce, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin lokacin. Mai tuƙin, Willy Voet, aikinsa tausa da haɗa wa mahaya abin sha. Aka buɗe bayan mota, sai ga allurai ɗaruruwa, mafi yawansu wani magani da ake kira EPO."

"Mene ne shi kuma?" wani direban Nijar ya tambaya daga ɗaya bencin.

"Kowa na da shi a jikinsa, ɗana. Ƙoda ke yin sa, shi ke aika wa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska. An yi na allura ne saboda masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. In mai lafiya ya yi, sai jininsa ya yi kauri kamar koko, ya hau dutse bai yi haki ba. Amma da dare, in zuciya ta lafa, jinin na iya daskarewa a hanya. Ana ba da labarin mahayan da ke saita agogo su farka tsakar dare su motsa jiki, don tsoron kada barci ya zarce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da 'yan sanda suka matsa, shugaban ƙungiyar, Bruno Roussel, ya amsa cewa ba yara ne ke saye a ɓoye ba. Tsari ne na gida, da sanin shugaba, da hannun likita. Har asusu suka buɗe, ana cire kuɗin maganin daga ladan da mahayan suka ciwo da guminsu. Mu kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To a can har kuɗin sandar ma kurar ke biya."

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye.

"Mai tausan nan kuwa," Baba ya ci gaba, ya ɗan juya wajen tukunya, "ba attajiri ba ne. Talaka ne kamar ni da kai, mai shayi. An ce ya ɗauko ya ɗauko, an ce ya zuba a gora ya zuba. A ransa taimakon yara yake yi, don ya ga wahalarsu da idonsa. Amma da rana ta ɓaci, shi aka fara rufewa."

Cokalin mai shayi ya tsaya a cikin kofi. Akwai wani ɗan gwangwani da yake ajiyewa ƙarƙashin tebur, bayan buhun sukari. In ɗan zemijan ya zo da asuba ya ce a haɗa masa kofi mai ƙarfi, daga nan ake ɗebo ƙarfin. Duk mun san gwangwanin. Babu wanda ya kalli wajen.

"A tseren 1998 ɗin, mahaya 189 suka fara, 96 suka kai birnin Paris. Kunya ta ishi duniya, shi ya sa a watan Nuwamban 1999 aka kafa hukumar yaƙi da shan ƙwayar ƙara kuzari ta duniya, WADA. Kowa ya ce an tuba. A shekarar nan ta tuba wani Ba'amurke, Lance Armstrong, wanda ya tashi daga jinyar ciwon daji, ya ci Zagayen Faransa. Ya sake ci, ya sake ci, sau bakwai a jere har 2005. Ya buɗe gidauniyar taimakon marasa lafiya, shugabanni na gaisawa da shi, in an tambaye shi sai ya ce an gwada shi sau ba adadi ba a kama shi ba. Wa zai buɗe baki ya zargi mai kyauta? Amma ba shi nake so in ba ku labari ba. Wani yaro ne ɗan Faransa, Christophe Bassons."

Baba ya yi shiru har sai da wata babbar mota ta gama wucewa.

"Yaron nan a Festina yake lokacin da asiri ya tonu, kuma abokan aikinsa da bakinsu suka shaida shi ba ya sha. An yi masa tayin ƙarin albashi mai tsoka in zai shiga layi, ya ƙi. A tseren 1999 yana rubutu a wata jarida, Le Parisien, yana cewa jama'a kada a ruɗe ku, abin bai canja ba. Kun san me ya same shi? Ba a doke shi ba, ba a kai shi kotu ba. Gaisuwa aka daina yi masa. Mutum kusan ɗari biyu a hanya ɗaya, babu mai ce masa sannu. A wajen cin abinci kowa ya kau da kai. Armstrong da kansa ya matso kusa da shi suna cikin tafiya ya nuna masa in ba zai yi shiru ba ga hanya nan. Yaro bai kai ƙarshen tseren ba, ya haɗa jakarsa ya tafi gida. A 2001 ya bar sana'ar baki ɗaya, yana da shekara 27. Waɗanda suka juya masa baya, da yawansu sun san gaskiya ya faɗa. Tuwonsu suke tsaro."

A nan ne shayin ya daina yi mini daɗi. Bara, a kan wannan bencin, wani yaro ɗan Sokode ya cire hularsa ya ce wa dattawa, cikin ladabi, jaka uku ba ta haɗuwa sai da ƙwaya, shi kuma ba zai sha ba, a taimaka a yi wa Alhaji magana. Aka ce masa ba shi da kunya. Kafin sati ya zagayo an karɓe babur. Yanzu dako yake yi a kasuwar Hedzranawoe, yana ɗaukar dilar gwanjo a ka. Ina wurin ranar da ya yi maganar, kuma ban ce uffan ba.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji Baba. "A watan Oktoban 2012 hukumar yaƙi da shan ƙwaya ta Amurka ta fito da hujjoji sama da shafi dubu a kan Armstrong. Tsofaffin abokan tafiyarsa goma sha ɗaya suka ba da shaida. Aka ƙwace nasarorin nan bakwai, kuma ba a ba kowa ba, don an rasa mai tsarkin da za a ba. In ka buɗe littafin tarihin tseren yau, daga 1999 zuwa 2005 fili ne fari, babu suna. A Janairun 2013 mutumin ya zauna gaban Oprah Winfrey a talbijin ya amsa da bakinsa. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan an kori yaron da ya faɗi gaskiya."

Na'ibi ya ja carbinsa. "To Baba, wace doka suka kafa a kai?"

"Doka mai tsauri, Malam. Ta farko, duk abin da aka samu a jikinka naka ne. Ba ruwansu da ban sani ba, ko wani ne ya zuba mini. In da gangan ne, shekara huɗu ba ka ba tsere."

"Madalla!" in ji Alhaji, ya buga hannun kujera. "Abin da nake faɗa ke nan."

"Ta biyu, babban mahayi sai ya sanar da inda zai kasance kowace rana, ya ware awa guda da za a iya zuwa a same shi, ko gidan surukai ya je. In aka neme shi aka rasa sau uku cikin wata goma sha biyu, laifi ne. Tun 2008 kowa na da littafin jini, ana rubuta yadda jininsa yake wata bayan wata, in ya yi tsalle ba dalili sai ya yi bayani. Jinin da aka ɗiba kuma ana iya ajiye shi shekara goma, in ilimi ya ƙaru a sake dubawa."

"Turawa sun iya doka," in ji Alhaji.

"Sun iya, ranka ya daɗe, amma sai da suka sha wuya suka gane rabin dokar suka rubuta. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sai suka ƙara ɗaya rabin. Wanda ya ba mahayi ƙwaya, ko ya yi safararta, hukuncinsa daga shekara huɗu ne har zuwa iyakar rai. In yaro ne ƙarami aka ba, laifin ya fi muni. Wanda ya taimaka, ko ya zuga, ko ya rufa asirin abin, shi ma yana ciki. Likitan Armstrong, Michele Ferrari ɗan Italiya, an hana shi kusantar wasanni har abada. Shugaban ƙungiyarsa, Johan Bruyneel, wanda a shekarun nan bakwai ko feda ɗaya bai murza ba, yana cikin mota yana ba da umarni ta rediyo, shi ma a 2018 kotun wasanni ta ce har abada. Daga 2021 kuma suka ƙara wata: duk wanda ya tsoratar da mai tona gaskiya, ko ya rama a kansa, shi ma ya karya doka. Sun gane cewa na kan sirdi shi ne ƙarshen igiya. In kana son ka san inda ta faro, sai ka bi ta har hannun da ke riƙe da ita."

Wannan karon Alhaji bai ce madalla ba.

Wani ɗan zemijan da ya tsaya shan shayi, hular kwano a hannu, ya ce, "Baba, su ma suna shan tramol?"

"Sun sha, ɗana, sosai. Maganin ciwo ne na gaske, likita na ba wanda aka yi wa aiki ko mai ciwo mai tsanani. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, kuma ko mara lafiya ba a so ya wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a kasuwanninmu an rubuta mata 225, ka ga biyu kawai sun haye iyaka. In ta yi yawa tana kawo jiri, tana kawo gyangyaɗi, tana kawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, kuma in jiki ya saba, ranar da babu ita ko tashi ba ya iyawa. Mahaya suka riƙa sha don kada su ji zafin ƙafa a ƙarshen zango. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta hana shi a tsere daga 1 ga Maris 2019, ana huda yatsa a ɗauki ɗigon jini. A 2022 aka same shi a jinin Nairo Quintana ɗan Kolombiya, wanda ya zo na shida a Zagayen Faransa. Ya ce bai sha ba, ya kai ƙara kotun wasanni, kotu ta tabbatar da hukunci, wahalar sati uku ta tafi a banza. Daga 1 ga Janairun 2024 WADA ta hana shi a gasar kowane wasa."

"Don yana ƙara gudu?"

"Babban dalilin da masu keke suka bayar, tsoron faɗuwa ne. Mahaya na tafiya a dunƙule, taya na shinshinar taya. In ɗaya ya yi gyangyaɗi na ƙiftawar ido, talatin ne a ƙasa. Ka duba fa: kekensu wajen kilo bakwai ne kawai, an tsare musu hanya babu mota babu akuya, motar likita na biye da su. Duk da haka suka ce haɗarin ya yi yawa. Kuma babu ɗayansu da ya goyo mace mai ciki a baya, ko 'yan makaranta biyu, yana ratsa tsakanin manyan motoci."

Yaron ya sunkuyar da kai, ya juya hular kwanonsa.

Alhaji ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Baba, magana kake faɗa mini?"

"Ni, Alhaji? Wane ni. Ni dai labarin Faransa nake bayarwa. Mu nan ina muka ga dutsen Ventoux?" Ya miƙa wa mai shayi kofinsa. "Abu ɗaya dai na Turawan nan ke tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Duk tsananin tseren nan, da miliyoyin da ke cikinsa, sun ware kwana biyu na hutu a cikin sati ukun. Ba a tsere, ba a ƙirga lokaci. Mahaifina ya ji daga nasa uban, wanda ya yi fataucin goro daga Gwanja, suna bi ta Sansanne Mango su nufi ƙasar Hausa. Ya ce madugu ba ya auna tafiyar yini da ƙarfin dokinsa. Jakin da ya fi kowane rauni yake dubawa, da yaron da ya fi kowa ƙanƙanta, a kansu yake yanke inda za a sauka. Madugun da ya isa da goro cikakke amma ya bar ɗan mutane a daji, ba a sake bin sa. A tsohon Zongo ma na tarar da haka. Yaron da ke ƙarƙashin maigida, cinsa da jinyarsa da aurensa duk suna wuyan maigidan, in ya yi laifi a kasuwa maigida ake kira. Shi ya sa ake ce masa uban gida."

Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya kama kan tsohon kekensa.

"Kuma ku tuna sunan unguwar nan. Turawa suka rubuta Zongo, amma kalmarmu ce. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya, a kwance wa jaki mangala, bawan Allah ya miƙe ƙafa. Kakanninmu ba su sa wa wurin nan sunan kasuwa ba, ba su sa masa sunan riba ba. Sunan hutu suka sa masa. Sai da safenku."

Ya tura kekensa ya shiga duhu. Alhaji ya zauna jim, sannan ya tashi ya bar shayinsa rabi, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Na'ibi ya bi bayansa ba sallama. Muka watse ɗaya bayan ɗaya.

Na kwana ina juya maganar. Yaron da ke kwance da karaya yana da laifinsa, shi ya kai ƙwaya bakinsa, kuma da ya ɗauko fasinja da yanzu wani gidan ake zaman makoki. Baba bai wanke shi ba, dokar Turawan ma ba ta wanke irinsa ba. Amma an ɗora masa kayan da jikin mutum ba ya ɗauka, an sayar masa da abin da zai hana shi jin nauyin, dattawa kuma sun kori wanda ya zo ya faɗa musu. Sa'ad da ya faɗi, duk muka taru a benci ɗaya muna mamakin lalacewar yaran zamani. Wannan zaman namu ya fi komai ci mini rai, domin yaran nan 'ya'yanmu ne, a gabanmu aka raɗa musu suna.

Da asuba, bayan an fito masallaci, na bi ta teburin. 'Yan zemijan biyu na tsaye, ɗaya ya ce a haɗa masa mai ƙarfi. Mai shayi ya ce yau sai dai madara da sukari, ya ƙara masa burodi bai karɓi kuɗinsa ba. Bayan buhun sukari babu komai.

Da hantsi na kai kekena rumfar Baba a duba mini sarƙa. Ina zaune sai ga motar Alhaji ta tsaya. Bai aiko yaro ba, da kansa ya fito. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya daɗe yana kallon hotunan bango kamar mai neman wani da ya sani. Can ya ce, "Baba, jiya kwana nawa ka ce suna hutawa?"

"Biyu, ranka ya daɗe. A cikin sati uku."

"Shi wancan yaron da suka daina gaisarwa, yana raye?"

"Yana raye, Alhaji. Ana iya samunsa."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya koma mota, ya ce wa direba su fara biyawa ta asibiti.